Ajin da Babu Allo

A zamanin da muka taso, in aka tambayi yaro abin da yake so ya zama, amsar ba ta wuce likita, ko soja, ko alƙali, ko direban jirgin ƙasa. Ban taɓa jin wanda ya ce ma'aikacin gidan tarihi ba, ni ma kuwa ban faɗa ba. Malamin firamare ne ni, cikin waɗanda shirin ilimi kyauta na 1976 ya kwasa ya zuba a aji, alli a hannu, yara sun fi benci yawa. Abin da ya fara karkato da ni shi ne hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. Da na koma makaranta na ba yara labarin 'yan lifida da 'yan sulke da busar kakaki, sai na ga yaran da ba sa iya zaman minti goma a darasin tarihi sun yi tsit har aka kaɗa ƙararrawa. Bayan nan na ƙaro karatu a fannin tarihi, gamawata kuma ta zo daidai da lokacin da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, take ɗibar ma'aikata. Takardar da aka ba ni ta ce ni jami'in ilimantarwa ne.

A gida ba a yi guɗa ba. Ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kira ni zaure bayan la'asar ya ce, "Ɗana, ashe abin da na ji gaskiya ne? Ka bar karantar da 'ya'yan mutane ka koma gadin gumaka?" Na ce, "Baffa, karantarwar ce dai, ajin ne ya canza." Ya girgiza kai ya ce Allah ya sa albarka, amma da jin muryarsa ka san bai gamsu ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A wancan lokacin yawancin mutanen gari sun ɗauki gidan tarihi wuri ne na Turawa masu gajeren wando da kyamara a wuya, wanda ɗan gari ba shi da abin yi a ciki.

Jos aka fara tura mu kwas. Can ne makarantar ma'aikatan gidan tarihi take, wadda aka buɗe a 1963 da taimakon UNESCO, tun tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu Ingilishi da masu Faransanci. Sanyin Jos ya ba mu kashi, mu mutanen Kano, amma karatun ya yi daɗi. An koya mana cewa duk abin da ya shigo gidan tarihi sai an yi masa rajista, an ba shi lamba, an buɗe masa kati: daga ina ya zo, wa ya yi shi, wa ya bayar, me ake yi da shi, nawa ne tsawonsa da faɗinsa. An koya mana ɗaukar tukunya da hannu biyu ta gindi, ba ta baki ba. Mun san abokan gaban kaya ɗaya bayan ɗaya: gara mai cin itace, asu mai cin tufa, laimar damina mai sa fata ta yi fumfuna, hunturu mai tsaga akushi, da hasken rana mai kashe launin rini a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Wani malaminmu yakan ce kayan da aka manta inda aka samo shi ya zama maraya, ko da na zinariya ne. Wannan magana ta zauna mini.

Gidan tarihin Jos ɗin kansa makaranta ne. Bernard Fagg ya kafa shi a 1952, shekara bakwai bayan na Esie wanda shi ne na fari a Nijeriya, shekara biyar kafin na Legas. A can na fara ganin kawunan yumɓu na Nok ido da ido, na kuma ji labarin wanda ake kira kan Jama'a, wanda aka tono a ramin kuza, wani ma'aikacin wurin ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa shi mutum-mutumi yana korar tsuntsaye, kafin ya faɗa hannun Fagg a shekarun 1940. Akwai rumfar tukwane da Sylvia Leith-Ross ta tattaro daga sassan ƙasar nan, akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, akwai littattafan Larabci da na ajami rubutun hannu. Amma inda na fi yin yammacina shi ne filin gine-ginen gargajiya da aka yi bisa aikin Zbigniew Dmochowski, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan. An kwaikwayi ganuwar Kano, an kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Malam Mika'ilu. Abin dariya, ni da aka haifa a cikin birni, na yi wasa a ƙarƙashin bakan gizo tun ina rarrafe, sai a Jos na fara ɗaga kai na tambayi kaina yadda aka yi ƙasa da azara suka riƙe rufi mai wannan faɗi ba ginshiƙin ƙarfe.

Duk wannan ilimin kula da kaya ne. Yadda za ka tsaya gaban yara arba'in da suka sha rana a bayan a-kori-kura, rabinsu na jin yunwa, ka sa su damu da wata tsohuwar randa, wannan ba a cikin manhaja yake ba. Sai da aka kawo ni Gidan Makama na fara koyonsa.

Wanda bai san Gidan Makama ba, yana nan daf da fadar Sarkin Kano. Ana danganta gininsa da Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau sarauta a 1463 ya yi mulki har 1499, ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Ginin da kansa shi ne babban abin kallo: kaurin bango, sanyin soro da tsakar rana, zankwaye a sama, ƙamshin ƙasa in an yi yayyafi. To amma kayan da ke ciki fa? Akushi, ludayi, faifai, tulu, mazari, adudu, kayan saƙa, kayan ƙira, kayan doki. A Jos yaro yana ganin kan Nok ya buɗe baki don bai taɓa ganin irinsa ba. A Kano kuwa da wuya a yi zagaye ɗaya wani bai ɗaga murya ya ce, "Malam, wannan ai akwai shi a ɗakin kakata!" ba, sauran su fashe da dariya.

Ma'aikata da yawa wannan magana tana kashe musu jiki, wasu har su daka wa yaron tsawa. Ni a ganina a nan aikin yake gaba ɗaya. Yaron da ya faɗi haka ya ba ka abin da littafi ba zai ba ka ba, domin ya haɗa abin da ke bayan gilashi da wani mai rai wanda yake ƙauna. Sai in ce, "Madalla. Me take yi da shi? Ita ta saya ko a kayan aurenta ya zo? Wane itace ne? A wane gari aka sassaƙa shi?" Yawanci bai sani ba. Sai in ce ya je ya tambaye ta, ya kawo wa malaminsu amsa. Wasu malaman kirki sukan aiko mini da takardun, in zauna in karanta: wannan kakarsa ta ce akushinta ya girmi babansa, waccan ta ce da zaren da ta kaɗa da mazarinta aka saya wa kawunsu keke. Yaro ya zo yana ganin tarihi abu ne na sarakuna da shekarun da ake haddacewa don jarrabawa, ya koma ya tarar tsohuwar da yake yi wa aike ita ma tarihi ce. In ba a samu mai yin wannan haɗin ba, gidan tarihi ɗakin amarya ne da aka yi wa jere aka kulle.

Manyan malamaina a wannan aiki ba su da takardar shaida ko ɗaya. Akwai wani tsohon magini da yakan zo da yaransa gab da damina su yi yaɓe. Nakan bar ofis in tsuguna kusa da shi. Shi ya nuna mini yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana ta ruɓa kafin a dunƙula tubali, da dalilin da ya sa ake jera tubalin kai sama gindi ƙasa, da yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Ya ce azarar giginya namiji ita ce gara ba ta iyawa. Wata rana na karanta masa abin da wani littafi ya ce game da bakan gizo, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, wanda ya rubuta wannan ya ga soro, amma bai taɓa ɗaure azara ba. Taso ka gani." Ya hau da ni kan tsani ya nuna mini yadda ake turo azara kaɗan-kaɗan daga bango biyu, kowace tana hawa kan 'yar'uwarta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ƙara, har su haɗu a tsakiya. Tun daga ranar na daina bayanin bakan gizo da baki. Nakan sa yara biyu su tsaya su miƙo hannuwa su haɗa, in ɗora musu littafi a kai.

Haka marinan Ƙofar Mata. In makaranta ta zo da isasshen lokaci, nakan roƙi malaman mu taka har karofi. Can yara za su ga baba da toka da katsi, su shaƙi warin marina mai rai, su ga abin da ba ya gajiyar da ni har yau: a tsoma farin ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. Daga nan sai a yi maganar masu bugu, da turkuɗin Kura mai walƙiya wanda Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara. Yaro ya gane cewa birninsa ya yi shekaru ɗaruruwa yana tufatar da mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Darasin da na fi so shi ne na wuri. Na sayi wuri na kaina a Kurmi, wanda yara za su iya taɓawa, domin na cikin gilashi ba a taɓa shi. Sai in shimfiɗa tabarma in zube, in ce a ƙirga mini biyar-biyar yadda 'yan kasuwa ke yi a da. Kafin su kai ɗari biyar sun gaji, sun yi faɗa, lissafi ya ruɗe. Sannan in gaya musu cewa keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. To wanda zai sayi doki fa, mutum nawa za su ɗaukar masa kuɗin? Nan ake yin shiru. Kusan kullum sai wani ya tambaya, "Malam, to wa ke buga wurin?" Sai in ce ba a buga shi, ɗan ƙwaron teku ne, da yawa daga cikinsa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya, ya biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar teku, fatake suka hau da shi har nan. Daga wuri sai mu gangaro kan anini da kwabo da sisi da sule, har zuwa naira a 1973. A zama ɗaya an yi lissafi, an yi labarin ƙasa, an yi tarihin ciniki, ba wanda ya lura an yi karatu.

Yara maza kuwa ba a raba su da ɗakin kayan yaƙi. Lifidi, sulke, kwalkwali, garkuwa, kwari da baka. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji, a ƙarshen ƙarni na 14, shi ya shigo da lifidi da sulke. Nakan bayyana musu yadda audugar da aka cusa cikin lifidi take shanye ƙarfin kibiya mai dafi kafin ta kai fatar doki. Sai a zo kan tambayar da ba ta taɓa fashi ba: duk da wannan ganuwa da waɗannan makamai, yaya aka yi Turawa suka ci gari? Ban taɓa kauce mata ba. Nakan gaya musu cewa a farkon Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta zo da igwa da bindiga mai ruwa, ta shigo ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato da manyan mayaƙansa, kuma ganuwar da aka fara tun zamanin Gijimasu don tare doki da kibiya aka yi ta, ba don igwa ba. Wasu su yi fushi, wasu su yi jugum. Na fi son haka da su fita suna tafi a kan labarin da aka yi wa kwaskwarima.

Maganar gumaka ba ta mutu ba, amma ta yi sauƙi da muka koyi ta inda ake shiga. In malaman tsangaya ko na Islamiyya suka zo, ba na fara musu da Dala da Barbushe da Tsumburbura. Nakan fara da allo da tawada da alƙalamin gamba, da zayyana, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, da zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji. In an saki jiki sai a yi maganar abin da aka tarar kafin nan. Wani alaramma ne ma ya sauƙaƙa mini, ya ce wa almajiransa Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ajiye abu don izina daban, bauta masa daban. Baffana da kansa ya zo daga baya, wai ya rako baƙi. Ya daɗe a gaban wani tsohon sirdi yana ba su labarin kakanmu, ni ina tsaye a baya ban ce uffan ba.

Su ma waɗanda ba za su iya zuwa ba, mukan je musu. Akwai akwati da nake ɗaurewa a bayan babur: wuri, mazari da abawa, ƙoshiya, guntun saƙi, hotuna, wani lokaci da majigi in makarantar tana da wuta. Abokan aikinmu mata su suka buɗe ƙofar da mu maza ba mu da ita. Sukan tara 'yan mata lokacin hutu ana koyon rini da saƙar faifai da ɗinkin hula, su kuma shiga gidaje su jiyo sunayen kayan ɗaki da waƙoƙin daka da niƙa waɗanda babu su a katin rajista.

Tafiyar da ta fi kowane kwas canza mini tunani ita ce ta Yamai. Gidan tarihin ƙasar Nijar, wanda aka buɗe a 1959 kuma yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, fili ne mai faɗi da rumfuna a warwatse. Ga namun daji, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamadar Agadas, ga gawar bishiyar Tenere da mota ta kaɗe a 1973. Amma ba waɗannan suka tsaya mini a rai ba. Maƙera da dukawa da masaƙa na gani zaune a ciki suna aikinsu suna sayarwa, yara suna koyon sana'a, iyalai sun zo shan iska da yamma, mai tallan gyaɗa yana zagayawa. Ba wanda ya yi kama da baƙo. Wani ma'aikacinsu, da Hausarsa ta Damagaram, ya ce mini, "Aboki, mutanenmu ba su zuwa kallon abin da ya mutu. Ka sa mai rai kusa da shi, za su zo." Da na dawo na dage a riƙa gayyato masu sana'a da makaɗa duk ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma duk shekarar da aka yi hakan ba a samun masaka tsinke.

Shekarun 1990 sun zo da tarurruka da bitoci. A 1991 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta tara ma'aikatan Afirka a Benin da Gana da Togo a kan tambayar wane irin gidan tarihi ya dace da nahiyar, lokacin Alpha Oumar Konaré na Mali yana shugabanta, shi da ya fito fili ya ce dole a rabu da tsarin da aka gada daga Turai. A 1998 aka buɗe makarantar adana kayan gado a Porto-Novo. Takardun waɗannan tarurruka sukan iso mana a makare, an kwafe su har rubutun ya dushe, mu karanta mu yi ta gardama a ƙarƙashin bishiya. Na amfana da bitocin da na samu, musamman na tsara darasi gwargwadon shekarun yaro da na rubuta takardar bayani gajeriya wadda mutum zai karanta a tsaye. Amma gaskiya ita ce wasu bitocin zaman otal ne da karɓar alawus. Mai jawabi ya zo da misalan birnin da yara ke zuwa a motar makaranta mai sanyi, kowa da fensirin launi, mu kuwa muna tunanin yadda za a samu kuɗin man babur.

Wani abin da aikin ya koya mini shi ne ilimin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa al'adar Nok ta fara wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, haka littattafai suka ce. Sai masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara tono a yankin a 2005 tare da 'yan Nijeriya, suka mayar da farkonta baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwarsa. Haka kwalekwalen Dufuna: wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙasar Fune, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace. Da aka tono aka auna, sai ga jirgi mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara kimanin 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ranar da na fara ba yara wannan labari sai da na maimaita adadin, don sun zaci bakina ne ya kuɓuce. Malamin gidan tarihin da ya daina karatu ranar da aka ba shi aiki, zai wayi gari yana rantsuwa a kan abin da aka daɗe da gyarawa.

Akwai ɓangaren aikin da ba shi da daɗin tunawa. A tsakiyar shekarun 1990 masu tono ba bisa ƙa'ida ba suka auka wa wuraren da ake samun kayan yumɓu a ƙasar Nok da Katsina da wajen Kwatarkwashi, dillalai suna biyan talakawa abin da bai taka kara ya karya ba, kayan su ɓulla a kasuwannin Turai da tsadar gaske. Har sai da ICOM ta saka su a jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Aka riƙa tura mu wurin dagatai da masu unguwanni mu yi bayanin doka, cewa ba a sayar da kayan tarihi ga kowa-da-kowa, ba a fitar da su ƙasar waje sai da izini. Wani dagaci ya saurare ni da mutunci, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce, "Samari, na ji. Amma wanda gero ya ƙare masa a rumbu, Bature ya ba shi kuɗin buhu biyu a kan fasasshiyar tukunya, me zan ce masa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ba komai a bari mu zo mu auna mu ɗauki hoto kafin a taɓa." Wasu sun aiko, da yawa ba su aiko ba. A cikin birni ma muna ji muna gani ana ɗibar ƙasar ganuwa ana yin bulo, ana gina shaguna a kanta.

Sannan aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009. Mu muka fara ganin sakamakon. A da yaro yakan zo ya san sunan Bagauda da Rumfa da Shehu Usmanu, aikina in sa wa sunan nama. Daga baya sai ka tambayi aji guda wa ya gina Gidan Rumfa, a rasa mai amsawa, alhali amsar tana cikin tambayar. Wasu malaman kuma sukan sauke yara a bakin ƙofa su nemi inuwa su zauna da wayoyinsu, in an gama su ce a tsaya a yi hoto. Ban ga laifin wayar ba. Na ga yarinya ta ɗauki hoton mazari ta tura wa uwarta, kafin mu fita daga ɗakin amsa ta dawo da sunan ƙauyen da kakarta ta koyi kaɗi. Laifin na babba ne da ya ɗauki ziyarar ranar hutu. An dawo da darasin tarihi daga baya, amma yaran da suka wuce a tsakani su ne iyaye da malaman yau.

Yanzu na yi ritaya. Lokaci-lokaci wani mai furfura a gemu yakan tare ni a masallaci ko wurin ɗaurin aure ya ce, "Baba, ba ka gane ni ba? Kai ka sa mu ƙirga wuri." Ba na gane su, amma nakan tambayi nawa ne keso, kuma mafi yawansu suna tunawa. Matasan da suka gaje mu sun fi mu takardu, wasu da digiri na biyu, suna aiki da kwamfuta, suna saka hotuna a Facebook, kuma sun samu abin alfaharin da ba mu samu ba: a zamaninsu aka dawo da wasu kayan masarautar Benin da aka kwashe a 1897, a zamaninsu UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. Abin da suka rasa shi ne tsofaffin da muka tsuguna a gabansu. Maginin nan ya rasu, 'ya'yansa bulo da siminti suke yi. Marinan da ke aiki a Ƙofar Mata sun ragu ƙwarai.

Don haka roƙona ga shugabannin gidajen tarihi shi ne, cikin kuɗin da ake warewa na bita, a cire wani abu a tura matasan nan su zauna da sauran maginan da marinan da masaƙan da suka rage, da rikoda da littafi, tun suna iya magana. Ku kuma hedimastoci, in za ku kawo yara, ku aiko da saƙo tun da wuri a san ajinsu da abin da suke karantawa, kada ku haɗa aji huɗu a mota ɗaya, kuma ku ce wa malamin da ya rako su ya shiga ciki tare da su.